Wakilin Suna a Turanci da Nufanci: Jagora ga Mai Koyo da Mai Koyarwa

Ɗauki wannan jimlar ta Nufanci: *Mi le u yé.* Idan aka ce ka mayar da ita Hausa, sai ka tsaya ka tambaya wa aka gani. In namiji ne, "na gan shi", in mace ce, "na gan ta". A Turanci hanyoyin ma uku ne: *I saw him*, *I saw her*, *I saw it*. Banufe bai ga abin tambaya a nan ba, domin ɗan ƙaramin *u* ɗin nan ya ɗauke duka ukun.

Wannan jagorar ta mutum biyu ce. Na farko shi ne Bahaushen da aiki, kasuwanci, bautar ƙasa ko aure ya kai Bida, Lapai, Agaie, Mokwa, ko tsallaken kogi a Pategi da Lafiagi, yana son ya ji Nufanci, kuma yawancin littattafan da zai samu da Turanci aka yi bayaninsu. Na biyu shi ne malamin da ke koyar da Turanci ga yaran da Nufanci ne harshen gidansu. Dukansu suna buƙatar gane abu guda: wakilin suna na Turanci yana sauya kama gwargwadon jinsi da aikin da yake yi a jimla, na Nufanci kuwa yana nan yadda yake, wurin zamansa da ƙananan kalmomin da ke kewaye da shi ne ke nuna aikinsa. Hausa tana tsakiya. Wani wuri ta kama hannunka, wani wuri ta kai ka ta baro, kuma zan riƙa nuna maka wanne ne wanne.

Mataki na ɗaya: haddace guda shida

*mi*: ni
*wo*: kai ko ke
*wun* ko *u*: shi ko ita
*yi*: mu
*ye*: ku
*a*: su

Shi ke nan jarin. A magana da sauri za ka ji *mi* ya koma *n*, *wo* ya koma *o*, amma asalin bai wuce shidan nan ba. Kwatanta da abin da yaron Bida zai haddace a ajin Turanci kafin ya yi daidai da su: *I, me, my, mine*, *you, your, yours*, *he, him, his*, *she, her, hers*, *it, its*, *we, us, our, ours*, *they, them, their, theirs*. Kalma 23 ke nan, ba a ma kai ga su *myself* ba. Nauyin ba ɗaya ba ne, kuma malamin da ya san haka ba zai yi saurin cewa yaro ba ya ja ba.

Rubutun Nufanci da boko ya daɗe. Samuel Ajayi Crowther ya fitar da nahawu da jerin kalmominsa a 1864, Banfield da Macintyre suka fitar da nasu nahawun a 1915, kuma tun daga nan marubuta suke bambanta wajen alamomi. Kada ka ruɗe in ka ga kalma ɗaya da rubutu iri biyu, ko ka ga an bar alamar karin sauti, wato ta hawa da saukar murya, gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a saƙonnin waya. A nan na sa alamar ne a inda ta fi amfani ga mai koyo.

Mataki na biyu: jinsi, inda aka fi faɗuwa

Nufanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, ko kaɗan. *U bé* na iya zama "ya zo" ko "ta zo". In ana son a fayyace, sai a ambaci mutumin: *bagi* namiji, *nyizagi* mace, ko a kira sunansa. Da zarar an ambata sau ɗaya, *u* ya ci gaba da aiki, mai sauraro kuma ya bi zancen.

Ga Bahaushe mai koyon Nufanci wannan sauƙi ne, sai dai bakinsa zai daɗe yana neman abin da babu. Mu da muke raba *kai* da *ke*, *ka* da *ki*, *naka* da *naki*, za mu ji kamar akwai rashin ladabi a ce wa mace da namiji *wo* iri ɗaya. Babu rashin ladabi. Ka ce *wo* ga kowa, in dai mutum ɗaya ne.

Ga Banufe mai koyon Turanci kuwa, nan ne ramin. Za ka ji ɗalibi mai ƙoƙari, wanda ya san ƙa'ida sarai, ya ce *My mother, he is a trader*, ko ya fara labari da *she* ya ƙare da *he* a kan mutum ɗaya. Ba jahilcin ƙa'idar ba ne. In ka tambaye shi bambancin *he* da *she* zai faɗa maka nan take. Matsalar ita ce harshensa na farko bai taɓa tilasta masa ya duba jinsi kafin ya buɗe baki ba, don haka in magana ta yi sauri sai dubawar ta kuɓuce. Haka abin yake ga masu jin Yarabanci da Ibo, domin su ma wakilin sunansu ba ya raba jinsi. Maimaita ƙa'ida a allo ba ya maganin wannan. Abin da ke magani shi ne atisayen baki mai sauri, kamar haka:

Ka samo hotuna biyu, namiji da mace. Ka ɗaga ɗaya ka faɗi aikatau, misali *cook*, ɗalibi ya ce *he cooks* ko *she cooks* ba tare da jinkiri ba. Ka riƙa sauya hoton ba bisa tsari ba, kana ƙara sauri. In wannan ya zauna, ka koma labari mai mutum biyu, wa da ƙanwa misali, ɗalibi ya ba da shi da baki. Kada ka ba da labarin maza biyu ko mata biyu a wannan matakin, domin kuskuren zai ɓuya. Kuma kada ka katse shi a tsakiya. Ka ɗaga hoton da ya dace kawai, shi zai gyara da kansa.

In ɗalibin yana jin Hausa, kamar yadda Nufawa da yawa suke ji, ka yi amfani da ita: *he* shi ne "shi", *she* ita ce "ita". Amma ka ja masa kunne, kai ma ka ja wa kanka, cewa gadar ta tsaya a kan mutane. A Hausa mota "ita" ce, littafi "shi" ne. A Turanci dukansu *it* ne. Bahaushen da ya ce *The car, she has spoilt* ya ɗauko jinsin Hausa ne ya kai inda ba a san shi ba. A nan Banufe ya fi mu kusa da daidai, tunda bai taɓa ɗora wa mota jinsi ba.

Mataki na uku: aikau (mai yin aiki) da karɓau (wanda aka yi wa)

Turanci yana sauya kalmar in mai yin aiki ya koma wanda aka yi wa: *I* ya koma *me*, *he* ya koma *him*, *we* ya koma *us*, *they* ya koma *them*. Nufanci ba ya sauyawa. Dubi waɗannan:

*Mi le wo yé.* Na gan ka. *I saw you.*
*Wo le mi yé.* Ka gan ni. *You saw me.*
*Yi le a yé.* Mun gan su. *We saw them.*
*A le yi yé.* Sun gan mu. *They saw us.*

*Mi* yana nan *mi*, ko a gaba ko a baya. Wurin zama ne kaɗai ya nuna wanda ya gani da wanda aka gani. Saboda haka mai koyon Nufanci ya mai da hankalinsa kan wuri, kuma akwai wurare uku da ba za su zo masa a zato ba.

Na farko yana cikin misalan da ke sama. Aikatau "gani" a Nufanci gida biyu ne, *le* da *yé*, kuma karɓau yana shiga tsakaninsu. Ba a cewa *mi leyé u*. Nufanci yana da aikatau masu rabuwa irin wannan da dama, don haka duk lokacin da ka koyi sabon aikatau mai gaɓa biyu, ka tambayi mai harshen ya sa maka *u* a ciki, ka ji inda zai faɗa. Turanci yana da ɗan kamannin wannan a *pick it up* da *put it down*, inda *it* dole ya shiga tsakiya, ba a cewa *pick up it*. Malamin Turanci zai iya cin moriyar wannan kamannin, domin kunnen Banufe ya riga ya saba da tsarin.

Na biyu shi ne "tare da". Turanci ya ce *with me*, kalma ɗaya a gaba. Nufanci yana kewaye wakilin sunan ne gaba da baya: *be mi nyi*, tare da ni, *be u nyi*, tare da shi ko ita, *be a nyi*, tare da su. Masu koyo suna yawan mance *nyi* na ƙarshe.

Na uku shi ne inda Turanci ke amfani da *to* ko *for*. Nufanci yana jera aikatau ne. *Lá u yà mi*, a zahiri "ɗauki shi ba ni", shi ne *give it to me*. Ka lura an sami wakilan suna biyu, kowanne yana bin nasa aikatau.

Ga mai koyon Turanci, ƙa'idar da za a kafa masa ita ce bayan aikatau da bayan kalmomi irin su *to, for, with, from, between*, siffar karɓau ce ke zuwa. *Between you and me* ne daidai, ko da ka ji manya suna cewa *between you and I*. In ya rikice a kan *Musa and I* da *Musa and me*, ya cire Musa ya ji abin da ya rage. Babu mai cewa *me went*, don haka *Musa and I went*. Masu shirya jarrabawar WAEC da NECO suna son wannan tambayar ƙwarai.

Mataki na huɗu: raba wakilin suna da lokaci

Wannan matakin na Bahaushe ne musamman, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a gare shi. A Hausa wakilin suna da lokaci a haɗe suke: *na, ina, zan, nakan*, *ya, yana, zai, yakan*. Mun saba mu sauya wakilin sunan don mu sauya lokaci. A Nufanci wakilin suna daban, alamar lokaci daban, kuma alamar ba ta damu da ko wane ne ke aikin ba:

*Mi ba nakàn.* Na yanka nama.
*Mi è ba nakàn.* Ina yanka nama.
*Mi à ba nakàn.* Zan yanka nama.
*Mi á nakàn ba.* Na riga na yanka naman.

Cire *mi* ka sa *yi* ko *ye*, sauran jimlar ba ta motsa ba. Ka dubi jimla ta huɗu da kyau: bayan *á*, karɓau ya tsallako gaban aikatau. In wakilin suna ne karɓau, nan zai zauna shi ma.

A nan ne kuma za ka fi ganin bambancin *u* da *wun*. Galibi *u* ne ke zuwa kafin baƙi, *wun* kuma kafin waɗannan alamomin na wasali: *u bé*, ya zo, amma *wun à bé*, zai zo, *wun è lo dzukó*, yana tafiya kasuwa.

Yanzu karin sauti. Nufanci yana da matakai uku na murya, sama, tsakiya da ƙasa, Hausa kuwa biyu gare ta da mai faɗuwa, don haka na tsakiyan ne baƙo a kunnenmu. Dalilin da ya sa wannan ya shafi wakilin suna shi ne *a* mai nufin "su" yana da maƙwabta masu kama da shi:

*A à bé.* Za su zo.
*A á bé.* Sun riga sun zo.
*A bé à.* Ba su zo ba.

Wasali ɗaya, aiki huɗu: wakilin suna, lokaci mai zuwa, aikin da ya kammala, da korewa a ƙarshen jimla. A bakin mai harshen wasulan da ke jere suna narkewa cikin juna, abin da zai rage maka ka kama shi ne hawa ko saukar murya. Wannan ba a koyonsa daga takarda. Ka sa Banufe ya faɗi jimlolin nan uku, ka naɗa a waya, ka riƙa saurare kana maimaitawa har ka iya bambance su ido rufe.

Akwai wani tarko da ke kama Bahaushe a harsunan biyu. Mu muna cewa "Musa ya tafi kasuwa", suna da wakilinsa a jere, kuma dole ne. Nufanci ya ce *Musa lo dzukó*, Turanci ya ce *Musa went to the market*. Babu *u*, babu *he*. In an ambaci suna, wakilinsa ya huta. *Musa he went* kuskuren Bahaushe ne na gado, kuma zai iya kai shi cikin Nufanci in bai kula ba.

Banufe kuma abin da zai koya a nan shi ne aikatau na Turanci yana sauraron wakilin suna: *I am, he is, they are*, *I go, she goes*, *I have, it has*. A harshensa *lo* yana nan *lo* ko wa ke tafiya, don haka *s* ɗin nan na *goes* shi ne farkon abin da ke faɗuwa. A haɗa atisayensa da na hotunan mataki na biyu, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mataki na biyar: *you*

A nan Turanci ne matalauci. *Wo* mutum ɗaya ne, *ye* jama'a, daidai da "kai" da "ku". Turanci ya taɓa samun wannan bambancin, *thou* na tilo ne, amma ya faɗi daga maganar yau da kullum, *you* ya haɗiye duka. Shi ya sa Turancin buroka ya cike giɓin da *una*. Wanda ya koyi Nufanci ta hanyar littafin Turanci yakan riƙe *wo* a matsayin *you* ya yi ta faɗa wa taron mutane. Ka bi ta Hausa a nan, ba za ka ɓata ba. Mai koyon Turanci kuma ya sani *you* kullum *are* yake ɗauka ko mutum ɗaya ne, in kuma yana son nuna jam'i sai ya ƙara *all of you* ko *both of you*.

Ka kuma horar da kunnenka a kan *yi* da *ye*. "Mu" da "ku" ne, wasali ɗaya ya raba su, kuma a ciniki ko rabon aiki rikita su ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na shida: mallaka

Turanci yana sa mai abu a gaba: *my child*. Nufanci da Hausa suna sa shi a baya: *egi mi*, ɗana. Haka *egi wo*, *egi u*, *egi yi*, *egi ye*, *egi a*. Shidan nan ne dai suka dawo, ba sabuwar kalma. In abin bai fito a jimlar ba, wato inda Turanci ke cewa *mine, yours, theirs*, sai a sa *nyá* a gaba: *nyá mi*, *nyá wo*, *nyá yi*. Yana aiki kamar "na" da "ta" na cikin "nawa" da "tawa", sai dai shi guda ɗaya ne, bai san jinsi ba.

*Egi u* shi ne *his child*, shi ne kuma *her child*. Ɗalibai da yawa suna zaɓen *his* ko *her* bisa jinsin ɗan, su ce *her daughter* alhali uban ake nufi. Turanci mai abu yake dubawa, kamar Hausa: "ɗansa" da "ɗanta" duk ɗa namiji ne, iyayen ne suka bambanta. A rubutu kuma a raba *its* na mallaka da *it's* mai nufin *it is*, a raba *their* da *there*.

Mataki na bakwai: *it* marar kowa, da *a* marar suna

Jimlar Turanci ba ta tsayawa ba aikau, ko da babu mai aikin. Shi ya sa ake cewa *it is raining*, kuma in ka tambayi mene ne *it* ɗin, babu amsa. Nufanci yana ambaton ruwan saman ne da kansa, *ele*, a matsayin aikau. Kada ka nemi fassarar wannan *it* ɗin, a haddace jimlolin yanayi da na agogo a dunƙule.

A ɗaya ɓangaren, inda Turanci zai juya jimla ya ce *the meat was cut* don kada ya ambaci mai yankan, Nufanci yana sa *a*, wato "su" waɗanda ba a fayyace ba. Daidai yake da "an yanka nama". Daga nan ne ake samun *they have stolen my phone* da *they are calling you* a Turancin Najeriya, ko da mutum ɗaya ne ke kiran. A hira ba laifi, amma a rubutun jarrabawa a koya wa ɗalibi *my phone has been stolen*.

Mataki na takwas: ragowar

Waɗannan ba sa cin lokaci in na baya sun zauna. Don ƙarfafawa, inda Turanci ke da *myself, himself, ourselves*, Nufanci yana ƙara *tsó*: *mi tsó*, ni kaina, *wun tsó*, shi kansa. *Each other* shi ne *dòzhì*, wato "juna": *a le dòzhì yé*, sun ga juna. A kula da wannan, domin *they love themselves* da ake yawan ji a nan ƙasar yana nufin kowa kansa yake so, abin da ake nufi shi ne *they love each other*.

Inda Turanci ke zaɓe tsakanin *who, whom, which* da *that*, Nufanci yana buɗewa da *na* ya rufe da *na*: *bagi na bé na*, mutumin da ya zo, *nakàn na Musa ba na*, naman da Musa ya yanka. Mutum ko abu, duk ɗaya. Kamar *nyi* na ɗazu, *na* na biyun ne ake mantawa. A tambaya kuwa ya raba mutum da abu: *zě* wa, *ké* me, kuma jimlar tana ƙarewa da *o*, kamar *Zě bé o?*, wa ya zo. "Wannan" shi ne *nana*, "wancan" *wuncin*, kuma suna bin suna a baya: *egi nana*, yaron nan.

Mataki na tara: yadda za ka tsara atisaye

Ka zaɓi aikatau biyar kacal: *bé* zo, *lo* tafi, *gí* ci, *si* saya, da *le…yé* gani. Ka ja layi uku a takarda, Nufanci, Hausa, Turanci. Kowace rana ka ɗauki aikatau ɗaya ka bi da shi ta wakilan suna shida, sannan ta *è*, *à* da *á*, sannan ka kore da *à* na ƙarshe. Duk inda layin Turanci ko na Hausa ya rabu biyu ko uku alhali na Nufanci ɗaya ne, ka ja masa layi da jan biro, haka ma inda Nufanci ya rabu Turanci ya haɗe. Waɗannan jajayen wuraren su ne darasinka, sauran maimaici ne.

In aikatau biyar sun ƙare, ka bar takarda ka fita. Gaisuwa ma atisaye ce: a tambaye ka *Ke wo na o?*, ka amsa *Mi jin yebo*, ga *wo* ga *mi* sun fito. A kasuwa ka gwada *mi de ewó à*, ba ni da kuɗi, da *lá u yà mi*. Ka roƙi wanda kake hira da shi ya gyara maka abu ɗaya kawai a rana, yau wurin zaman *u*, gobe *yi* da *ye*, domin in ka ce ya gyara komai, kunya za ta sa ya ƙyale ka gaba ɗaya. Malamin aji kuma ya yi haka wajen duba rubutu: mako guda jan bironsa ya tsaya kan *he* da *she*, mako na gaba kan *him* da *his*, kuma ya sa ɗalibi ya karanta jimlar da ya gyara da babbar murya kafin ya koma wurin zamansa.